Akwati Lafiya Lau, Jita a Karye

Raunuka uku ne a jikin jitar, akwatin da take ciki kuwa ko ƙwarzane babu. Kanta ya karye ta bayan wuya, daidai inda maɗauran tsirkiya suke farawa, ba abin da ke riƙe da shi sai ɗan siririn katakon gaba. Jakinta, ɗan katakon nan da ake mannawa a fuska don ya riƙe gindin tsirkiyoyi, ya ɗago ta baya har bakin wuƙa yana shiga ƙarƙashinsa. Ga kuma tsaga ta taso daga jakin ta gangara har gindi. Haka mai ita ya tarar da ita a wani gidan biki a Galmi, da yammacin wata rana cikin Afrilu, alhali shi ya kulle akwatin da hannunsa a Birnin Ƙonni da safe, makullin kuma bai bar aljihunsa ba.

Saurayi ne mai kiɗan biki. Su huɗu suke yawo: shi da jita, da mai kalangu, da mai ganga, da mawaƙi. Kasuwarsu takan buɗe bayan an kwashe albasa a Galmi da garuruwan kwarin Maggiya, lokacin da kuɗi ya shigo hannun manoma, aure ya yawaita. Wata rana su yi arewa zuwa Illelar Tawa, wata rana su tsallaka iyaka zuwa Illelar Sakkwato, wadda ke 'yan kilomita kaɗan kudu da Ƙonni. Jitar mai ƙoƙon katako ce da tsirkiyar ƙarfe shida, wansa ya sayo masa ita a Kwatano a ƙarshen damina. Da fari a jakar yadi yake goya ta a kan kabu-kabu, kuma a ganinsa ba abin da ya taɓa samun ta. Cikin ɗari ya tara kuɗi ya sayo baƙin akwati mai tauri a Sakkwato, na hannu ne amma mai kyau, cikinsa shimfiɗe da jan karammiski. A ciki take kwana a gida, amma tafiyar Galmi ce fitarsa ta farko da shi a mota. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: tsumma ya tsare ta wata da watanni, akwatin kuɗi ya kashe ta a yini guda.

Kafin gari ya waye an sami masu laifi uku. Mai jita ya ɗora wa yaron motar da ya ɗaure kaya. Mawaƙi ya ce masu bincike a shingen hanya ne, don da idonsa ya ga ɗayansu ya taka ya ƙwanƙwasa akwatin. Mai kalangu bai ce komai ba sai "akwai mutane", kowa kuma ya gane inda ya dosa: wani mai jita na wata ƙungiya da aka hana wannan biki aka ba su. Abin da ya lalace cikin kulle ba tare da an taɓa kullen ba, ai ba sai an kira sunansa ba. Mai ganga ne kaɗai bai tofa ba.

Washegari aka tashi da cacar baki a tasha, yaron mota yana rantsuwa, mai jita yana nuna gawar jitarsa ga duk wanda ya tsaya. Wani dattijo cikin masu kula da lodi ya raba su, ya ce a kai ta wurin wanda ya san katako kafin a ci mutuncin ɗan mutane. Kafintan da aka nufa tsoho ne, rumfarsa tana bayan kasuwa. Ƙofofi da kujeru ne abincinsa, amma ya yi ƙuruciya a Yamai inda makaɗa suke kai masa gyara, har yau kuma masu gurmi da goge ba su daina zuwa wurinsa ba. Nakan sha hantsi a rumfar tasa, shi ya sa na ga yadda maganar ta warware.

Da kwaɗon ya fara. Ya zazzage wani gwangwani na tsofaffin ƙusoshi, ya tsinto ɗan ƙaramin makulli, ya zura, ya murɗa, sai ga akwati a buɗe.

"Makullin wanga irin akwati kusan duk ɗaya na, ɗana," in ji shi. "Ba shi hana mai son buɗewa. Aikinai shi hana murhi tashi bisa hanya."

Mai kalangu ya ɗan ji kunya, tunda ke nan ba sai da asiri ake shiga akwatin ba. Mawaƙi kuwa ya gyara zama, don zarginsa ya sami ƙafa. Tsohon bai kula su ba. Ya fito da jitar rana, ya daɗe yana jujjuya ta, yana kai ido kusa, yana shafawa da ɗan yatsa.

"Ku kuna biɗar mutum guda da rana guda," ya ce. "Raunukan ga uku ba tsara guda na ba. Ɗaya ya kai wata biyu ko uku. Biyu na jiya na, su ma ba sa'a guda anka yi su ba."

Tsagar fuska ya fara kamawa. Ya karyo tsinken tsintsiya, ya ja shi a hankali cikin tsagar, ya goga a farin ƙyalle. Ƙura ta fito, fara-fara mai laushi, irin wadda ke kwanciya a kan komai lokacin hunturu. Cikin tsagar ya yi duhu, alhali karayar kai fari fat take. Sannan ya nuna mana gefunan tsagar: ba lotsawa, ba inda fenti ya farfashe. Katakon da aka buga yakan nuna inda bugun ya sauka. Wannan ya rabu ne a miƙe, yana bin zaren itace. Sai ya kama hannun saurayin ya ja shi a gefen wuyan jitar, inda bakin ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye suka ɗan fito suna karce fata.

"Tun yaushe suka hwara cizon ka?"

"Tun cikin ɗari, Baba. Na ɗauka haka suke."

Ba haka suke ba. Katakon wuya ne ya tsuke, ƙarfe kuma ba ya tsukewa don rashin ruwa, sai bakinsa ya leƙo. Duk mai ƙofar katako a Ƙonni ya san tana cijewa a Agusta, a Maris kuma har ana hango waje ta tsakanin allunanta. Itace ko bayan an sare shi an busar bai daina shan ruwa daga iska yana mayarwa ba. Manyan masana'antun jita irin su Martin da Taylor a Amurka suna aiki ne a ɗakunan da laimar iska take wajen kashi 45 zuwa 55 cikin 100, a nan ake yanka katakon a manne shi. A Kwatano, bakin teku, laima takan haura kashi 80. A Ƙonni, daga Janairu zuwa Maris, da rana tsaka takan faɗi ƙasa da kashi 20. Fuskar jita kaurinta bai wuce milimita 3 ba, faɗinta a gindi wajen santimita 40, kuma a irin wannan bushewa tana neman tsukewa da milimita 2 ko 3 ta faɗi. Sai dai a ƙarƙashinta akwai ƙananan sanduna da aka manna a gicciye don su ƙarfafa ta, katako kuma ba ya raguwa ta tsawo sai ɗan abin da ba a lissafawa. Fuska tana son tsukewa, sanduna sun hana ta, sai ta yage a inda ta fi rauni.

Saurayin ya kawo hujja mai kyau. Ya ce jitoci nawa ne a garin nan da suka shekara goma suna shan hunturu ba su tsage ba? Tsohon ya ce ya duba bakin ramin da ke tsakiyar fuskar. A jita mai araha za ka ga katakon hawa-hawa ne, falle uku da aka manne zarensu a gicciye, irin wannan da wuya ya tsage ko da yake muryarsa ba ta kai ba. A tasa kuwa zaren itacen ya zarce daga sama har ƙasa, allo ne sukutum. Wansa bai yi masa rowa ba, mai kyau ya sayo, kyan nata ne kuma ya sa ba ta jure ba. Tsagar ta daɗe a matsayin siririn layi cikin fenti mai duhu, ba ta buɗe baki ba sai da jaki ya ɗago ya ja ta.

A ɗan aljihun cikin akwatin, inda ake ajiye tsirkiya, tsohon ya tsinto ƙananan ƙunshi guda biyar na ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani. Wan ne ya ce a riƙa sa su, don haka makaɗan Kwatano suke yi kada tsirkiya ta yi tsatsa, katako ya kumbura. A can shawara ce ta gaskiya. A nan ta zo a juye. Tsohon dai bai ɗora musu laifin da ba nasu ba.

"Ba su sunka tsaga ta ba, iskar garin ga ta ishe ta. Amma sun sa kana tsare ta daga ruwa, ita ko ƙishirwa take ji."

Rauni ɗaya ya fita daga lissafi, ya bar yaron mota da biyu.

Jakin ya fi ba da wahala. Tsirkiyoyin ƙarfe shida idan an ɗaure su daidai suna jan jaki da nauyin da ya kai kilo 70, ya ɗara buhun simintin Malbaza mai kilo 50, dare da rana, kuma ba abin da ke riƙe da shi sai gam. Tsohon ya kwance tsirkiyoyin, ya haska fitilar waya ƙarƙashin jakin, ya ce mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙarfi ne ya fizge jaki, yakan taho da ɓarɓashin katakon fuska manne a jikinsa, domin gam mai lafiya ya fi zaren itacen ƙarfi. A nan katakon sumul yake. Gam ɗin ne ya miƙe zare-zare tsakanin sama da ƙasa, ya sake daskarewa a haka. Gam ba ya yin haka sai ya yi laushi, ba ya laushi kuma sai da zafi. Irin farin gam da rawayan da ake haɗa yawancin jitoci da su suna fara sakin jiki tun daga wajen digiri 60.

"Wane zafi, Baba? Ƙonni zuwa Galmi tahiyar awa guda ta. Tsarnawa, Malbaza, mun iso."

"Ban tambaye ka awa nawa kunka yi bisa kwalta ba. Yaushe anka ɗaure kaya?"

Nan aka kira yaron mota, wanda dama yana raɓe a bakin rumfa. Ya ce tun da hantsi suka zo, ya ɗaure kayansu nan take. Mota ba ta cika ba sai bayan azahar. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tasha ya san wannan jira, ba a tashi sai kujera ta ƙarshe ta sami mai ita. Su makaɗan suna inuwa suna shan shayi. Akwatin fa? Yaron ya ce shi da farko ya so ya sa shi tsakanin buhuna, mai jita ya hana, ya ce lalle a ɗora shi can ƙololuwa kada a danne shi da komai. Saurayin bai musa ba. Ke nan baƙin akwati ya yi awa uku ko fiye yana kallon ranar Afrilu, a watan da ma'aunin zafi a inuwa yake wuce digiri 40 kusan kullum.

Duk da haka bai gamsu ba. Ya ce akwati mai kauri da karammiski ai shi ne zai tare zafi. Tsohon bai yi gardama ba. Ya aiki yaro ya sayo kyandir, ya karya biyu. Rabi ya sa a cikin akwatin, ya rufe, ya ɗora shi a kan rufin kwanon rumfa da misalin sha ɗaya. Ɗayan rabin ya ajiye a kan teburinsa a inuwa. Bayan mun dawo daga azahar aka sauko da akwatin, sai da aka sa tsumma kafin a iya riƙe sakatunsa. Kyandirin ciki ya narke ya kwanta, lagwaninsa yana iyo. Na kan tebur yana nan yadda yake. Baƙin abu a irin wannan rana bayansa yakan kai digiri 70. Kaurin akwati yana jinkirta shigar zafi na ɗan lokaci, rabin awa ko awa, amma in aka daɗe sai ya shiga, kuma kaurin nan ne zai hana shi fita da wuri.

Na lura saurayin ya daina kallon yaron mota tun daga nan. Amma mawaƙi ya ce to, zafi ya ɗaga jaki, hunturu ya tsaga fuska, kai fa? Rana ba ta karya wuya. Wannan kam hannu ne, ko an jefo akwatin daga saman mota, ko an buɗe an taka.

Tsohon ya bi kusurwoyin akwatin huɗu da ido da hannu. Abin da ya faɗo daga saman mota bisa tsakuwar tasha ba ya rasa tabo a kusurwa, nan kuwa babu. Ya mayar da jitar ciki, ya rufe, ya ɗaga akwatin ya girgiza a kusa da kunnen mawaƙin. Duk muka ji ƙwas-ƙwas. Ya buɗe ya nuna: tsakanin gindin jitar da bangon akwatin yatsu uku suna shiga, haka ma a kafaɗu. An ƙera shi ne don jitar da ta fi wannan girma. Wuyan yana kwance a kan matashi guda ɗaya, daga nan zuwa sama kai yana shawagi a fili, ba abin da ke tallafe shi ta gaba ko ta baya. Sai ya juyo da murfin wajen haske. A jikin karammiskin, daidai saitin kai, ga ɗigo shida sun lotsa, biyu har sun huda yadin. Sawun kawunan maɗauran tsirkiya ne. Kan jitar ya daki murfin daga ciki, da ƙarfi, sau ɗaya.

Yadda abin yake, kan irin wannan jita ba a miƙe yake da wuya ba, an karkatar da shi baya. A jitocin Gibson karkatar takan kai digiri 17, kuma sun yi suna a duniya wajen karyewa a wannan gurbi. Dalili shi ne zaren itace yana bin tsawon wuya, a inda kai ya karkata sai zaren ya gajarce, ga shi sau da yawa an rarake wurin don sandar ƙarfen da ke daidaita wuya. A kan wannan siririn wuri aka ɗora maɗaurai shida na ƙarfe, tsirkiyoyi kuma suna jan shi gaba. Idan akwati yana tsaye ya kife ta fuska, jiki yakan tsaya cak da zarar ya taɓa ƙasa, kai mai nauyi kuwa ya ci gaba da tafiya, tsirkiya ta taimaka masa. Katako ya buɗe ta baya. Ba a bukatar tsawon mota, tsawon akwatin kansa ya isa. A waje kuma ba za a ga komai ba, musamman in a kan abu mai laushi ya faɗi.

Tsohon ya sa bakin ƙusa cikin ɗinkin da ya zagaye murfin ta waje, ya kankaro. Rairayi ya zubo a tafin hannunsa, fari, mai tsabta. Ya gwada ɗinkin bayan akwatin, babu.

"Tashar Ƙonni ba ta da wanga rairai, ta Galmi ma haka. Ina kunka taka rairai jiya?"

A ƙofar gidan biki. An zubo shi sabo don zaman baƙi. Saurayin ya yi shiru, sannan ya ce da suka isa ya jingine akwatin a tsaye jikin bangon zaure, ya tafi alwalar la'asar. Da ya dawo ya same shi kwance, ya ɗauka wani mai hankali ne ya kwantar masa. Yanzu da ya tuna, a kife yake, don sai da ya juya shi kafin ya kai ga sakatu.

A nan mai ganga ya yi gyaran murya. Ya ce shi ya ga faɗuwar. Samari ne suke shigo da benci, ƙafar benci ta shafi akwatin, ya sulale ya kife. Ya je ya duba, bai ga ko ƙura ta kama shi ba, ya bar shi. Da aka buɗe aka ga ɓarna har uku, bai kawo a ransa cewa wannan 'yar faɗuwa a kan rairayi za ta yi haka ba, shi ma zuciyarsa ta tafi wajen masu asiri. Gaskiyarsa ce ta wani gefen, faɗuwar ɗaya kawai ta yi cikin ukun.

Tambayar da saurayin ya yi bayan wannan ita ce wadda na fi jin makaɗa suna yi a baibai: ya sayar da akwatin ya koma jakar yadi? Yawanci mutum yakan je kasuwa ya ƙwanƙwasa bayan akwati, in ya ji tauri ya biya. A ganina tauri shi ne abu na uku da za a duba. Na farko, a je da jitar kanta, a sa ta ciki, a rufe, a girgiza. In ta motsa, ko a bar shi ko a shirya cike giɓin. Na biyu, a duba wuya da kai: matashi mai faɗi ko guda biyu sun fi ɗaya, kuma ko wane iri ne, kafin tafiya a naɗe kan da tsohon rawani ko riga har ya cika gurbinsa sama da ƙasa, a ɗan sassauta tsirkiyoyi. Da an yi wannan a Galmi, da bencin ya wuce ba labari. Bayan haka ne ake zuwa ga jikin akwati. Akwai na kwali mai rufin leda, wanda sunan akwati kawai gare shi. Akwai na katakon hawa-hawa, akwai na roba mai tauri da aka zuba a ma'auni, akwai masu tsada na zaren gilashi. A kowanne, murfi mai ɗan doro ya fi shimfiɗaɗɗe jure danniya, don in buhu ya hau shimfiɗaɗɗen murfi yakan lotsa ya taɓa jaki. Sai hinji da sakatu da mariƙi, su ne ke fara mutuwa a hanya.

Jakar ma tana da ranarta. Wanda zai hau kabu-kabu daga unguwa zuwa unguwa, jaka mai soso mai kauri da yake goyawa a baya ta fi masa akwatin da zai riƙe da hannu ɗaya yana karo da motoci. Jitar lantarki irin ta Fender kuwa kusan ba ta san wannan damuwa ba: jikinta gungume ne, kanta a miƙe yake da wuya, wuyan kuma da ƙusoshi huɗu masu murɗi aka ɗaure shi. Ina ganin wannan yana cikin abin da ya sa irinta ta zauna daram a hannun makaɗan arewacin ƙasar nan, daga Bombino na Agadas zuwa Mdou Moctar, ɗan wannan jiha ta Tawa, wanda jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Amma jita mai ƙoƙo da allo sukutum, a garin da iska ke bushewa wata bakwai, tana bukatar akwati mai rufuwa sosai ko da ba ta zuwa ko'ina, don shi kaɗai ne zai riƙe mata laima. Yadi ba ya riƙewa. Dabarar ba ta da tsada: a sami gidan sabulu na roba, a huhhuda murfinsa, a sa soso da aka jiƙa aka matse har ba ya ɗiga, a ajiye a gurbin kai inda ba zai taɓa katako ba, a riƙa duba shi duk bayan kwana biyu ko uku. Daga Nuwamba zuwa Mayu ke nan. Ruwa na sauka a Yuni a cire shi, a nan ne ƙunshin wansa za su yi rana.

Wanda Allah ya ɗaga har ya kai ga hawa jirgi daga filin Diori Hamani na Yamai, lissafinsa daban. A 2008 wani mawaƙin Kanada, Dave Carroll, ya ce an hango ma'aikatan kaya suna jifa da jitoci a filin jirgin Shikago, ya kuma tarar da tasa, ƙirar Taylor ta dala 3,500, a karye duk da akwatinta mai tauri. Da kamfanin jirgin, United, ya ƙi biya, ya yi musu waƙa ya sa a YouTube a 2009, miliyoyin mutane suka kalla. Tun 2015 dokar Amurka ta wajabta wa jiragenta barin fasinja ya shiga da ƙaramin abin kiɗa irin jita muddin akwai wuri a ma'ajiyar sama lokacin da ya shiga. A wasu ƙasashen sai yadda kamfani ya ga dama. Akwai manyan akwatuna masu kusurwar ƙarfe da ake ƙerawa don cikin jirgi, waɗanda mafi ƙarfinsu ake auna su da tafiya 100 zuwa da dawowa. Nauyinsu kaɗai ya isa ya hana ɗan Ƙonni sha'awarsu, kuma a saman motar haya da azahar su ma tanda ne in baƙaƙe ne.

Gyaran ya ɗauki lokaci, don tsohon ya ƙi taɓa tsagar a yadda take. Ya ce in ya cika ta da gam tana buɗe, damina na zuwa katako zai kumbura ya rasa wurin komawa. Ya kwantar da jitar cikin akwatin da jiƙaƙƙen soso fiye da mako guda, har bakin tsagar ya kusa haɗuwa da kansa, sannan ya zuba gam ya manna ƙananan faci ta ciki. Jakin ya cire shi gaba ɗaya, ya kankare tsohon gam, ya sake mannawa ya ɗaure. Kan ne ma ya fi sauƙi, don karaya mai tsawo wadda ba ta zubar da ɓarɓashi ba tana ba gam wurin kamawa. Giɓin akwatin ya cike shi da yankan soson tsohuwar katifa da aka naɗe a yadin auduga, saboda roba tsirara tana iya cin fentin wasu jitoci. Tela ya ɗinka wa akwatin farar riga mai kauri.

Saurayin ya sayi goro ya je tasha ya ba yaron mota haƙuri a gaban dattijon da ya raba su. A nan ya ce daga yau jitarsa ba ta ƙara hawa sama, ciki za ta shiga, a kwance, kusa da shi. Direba ya ce ba laifi, amma abin da ya ci wurin mutum sai ya biya kuɗin mutum. Mai jita ya ce rabi. Da na baro su, dattijon yana cewa a ba ta bayan kujerar ƙarshe in babu buhu, in akwai kuma a biya rabin.